Yadda ake haɗa hoton jariri da labulen kwamfuta ba tare da an ɗaga shi daga katifa ba

Wani magidanci daga unguwar Badariya ya shigo shagona a nan Birnin Kebbi da hantsi, ko zama bai yi ba ya miƙo mini waya. Hoton wani jariri ne yana sharar barci a cikin ɗan lilo da aka rataye a reshen bishiya, furanni sun kewaye shi. Ya ce iyalinsa ta sauka kwana uku ke nan, kuma irin wannan take so. Igiya ma ya riga ya saya, ga kuma dogon yaro a tsakar gidansu mai reshe daidai wa daida.

Na ce, "Alhaji, igiyar nan a ajiye ta a ɗaure ragon suna."

Jaririn da ke cikin hoton nan bai taɓa hawa lilo ba. Hotuna biyu ne aka haɗa. An ɗauki lilon shi kaɗai, an ɗauki yaron yana kwance a katifa da hannun babba kusa da kansa, sannan aka ɗinke su a kwamfuta. Hoton da babu kowa a cikinsa shi 'yan sana'a ke kira bakgirawun. Ni labulen kwamfuta nake ce masa, domin aikinsa ɗaya da labulen fenti na shagunan hoto na da, wanda iyayenmu suka tsaya gabansa, bayansu ga jirgin sama ko benen da ba su taɓa hawa ba.

Duk inda ka ga jariri a rataye, ko a bisa tulu, ko ya tallafe haɓa da hannu biyu kamar mai tagumi, to haɗi ne, an goge hannun da ke riƙe da shi. Wuyan ɗan kwana bakwai bai iya ɗaukar kansa ba. Saboda haka a tsarin da zan bayyana, yaro yana ƙasa a kan katifa tun daga farko har ƙarshe, kwamfuta ce ke hawa bishiyar.

## Labule ake fara zaɓa

Yawancinmu da kuskure ɗaya muka fara: a je a ɗauko hoton yaro yadda aka ga dama, a dawo shago a shiga laluben labulen da zai dace. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zauna da iyayen tun kafin ranar, ku tsayar da labule biyu ko uku, ka sa su a wayarka, domin su za ka riƙa dubawa lokacin da ake kwantar da yaron.

Kowane labule ka yi masa tambaya uku. Daga ina haske ya shigo? Dubi inda inuwa ta faɗi: in tana dama, daga hagu haske ya zo, kuma ta nan naka zai zo. Daga wane tsayi aka ɗauke shi? In bakin kwandon ya fito zagaye sosai, daga sama aka ɗauka, kai ma a tsaye za ka yi kan yaron. In gefen kwandon kake gani, bakinsa ya zama siriri, a durƙushe aka ɗauka. Ta uku, wane launi ne ƙyallen da ke cikin kwandon? Irinsa za ka nema ka shimfiɗa wa yaron. Wannan ta ukun ita ke ɗauke maka rabin wahalar kwamfuta, za ka ga dalili a gaba.

Ana sayar da labulen nan a intanet, musamman a Etsy, galibi a matsayin JPEG, wasu kuma PSD, wato fayil ɗin manhajar Photoshop. Kafin ka biya, duba yawan fiksel. Takardar hoto tana son fiksel 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 8 da 10 yana buƙatar 2400 da 3000, mai 12 da 16 kuma 3600 da 4800. Wanda aka tsinto a WhatsApp a waya kawai yake da kyau, yana shiga firem zai farfashe. Ka karanta sharaɗin mai shi kuma. Yawanci izinin yi wa kwastoma aiki ya sayar maka, bai ce ka raba wa abokan sana'a a guruf ba. Waɗanda ƙirƙirarriyar basira ke zanawa kuwa a zuba musu ido, sau da yawa za ka tarar inuwa biyu na saɓa wa juna a hoto ɗaya.

## Gara ka yi naka

Ni dai a ganina mafi yawan na kasuwa ba namu ba ne. Yaron da aka haifa a unguwar Gesse cikin zafin Afrilu, me ya haɗa shi da dusar ƙanƙara da kabewar bikin Turawa? Labulen da ya fi kawo mini ciniki da hannuna na yi shi: babbar ƙwarya, farin saƙi a cikinta, faifai biyu a jingine, tabarmar kaba a ƙasa. Akwai wani na gora da homa irin na masuntan Argungu, da shimfiɗa a gabansu, na ɗauke shi a bakin kogin Matan Fada da sassafe. Duk Bakaben da ya gan shi sai ya ce shi za a yi wa ɗansa.

Yinsa babu wuya. Kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, kada ta sake motsi. Ɗora ƙullin shinkafa mai nauyin kilo 3 a cikin ƙwaryar don zanen ya lotsa, tunda kusan nauyin sabon haihuwa ke nan. Cire shi a hankali, ka kwantar da 'yar tsana mai tsawon santimita 50, wanda shi ne kimanin tsawon jariri. Saita idon kyamara a fuskar 'yar tsanar, ka kulle shi, ka ɗauka. Sannan ka zare ta ka sake ɗauka babu komai. Na biyun shi ne labulenka. Na farkon kuwa malaminka ne, shi zai nuna maka girman da yaro zai yi a cikin ƙwaryar da kuma inda inuwarsa za ta faɗi. Ka rubuta lensin da ka yi aiki da shi, da tsayin kyamara daga ƙasa, da gefen da taga take. Bayan wata shida ba za ka tuna ba.

## Rana da izinin shiga

Tsakanin kwana 5 da kwana 14 ne lokacin da ya fi. Yaro na yawan barci, jikinsa kuma na naɗewa da kansa yadda ya saba a ciki. A wurinmu suna ya faɗo tsakiyar wannan, don haka sai an zaɓa. Ranar sunan kanta ka cire ta daga lissafi: gida cike, kowace gwaggo na son ɗauka, wanzami ya gama nasa, yaro ya gaji. Kwana 5 ko 6 yana nan da sumar haihuwa, kuma hoton zai riski sitika da kalandar rabo, sai dai ka bar gurbin suna tunda ba a raɗa ba. Daga kwana 9 zuwa 12 gida ya lafa, amma kai a aske yake, ka tanadi 'yar hula mai laushi. Bakwaini, ko wanda ya kwanta asibiti, sai likita ya ce to. In an yi kaciya, a bari ya warke.

Ɗakin mai jego ba wurin da namiji ke faɗawa ba ne. Ka nemi izinin maigida, in kuwa goyon ciki ta je, to na iyayenta. Ni da ƙanwata nake tafiya. Ita ke taɓa yaron, ita ke magana da mata, ni ina bayan kyamara. Mata masu hoto, wannan kasuwarku ce tun asali, ƙofar da muke tsayawa muna sallama ku a buɗe take muku. In ɗan fari ne, uwar na iya noƙewa ko kallonsa ba za ta yi a gaban mutane ba. Kada ka matsa mata. Kaka ko gwaggo ta zauna kusa da yaron, sun ma fi ta sanin hannu.

In kana mura ko tari, ɗaga ranar. Wanke hannu da sabulu, yanke farce, cire agogo da zobe, kada ka fesa turare. Duk ƙyallen da ya taɓa jikin wani jariri sai an wanke shi kafin ya taɓa na gaba.

## Shirya ɗaki

Da hantsi nake zuwa, wajen ƙarfe 9 zuwa 11. Tagogin ɗakunanmu ƙanana ne, ga labule mai kauri, saboda haka sau da yawa ƙofar ɗaki ce fitilata. Shimfiɗa katifa mai ɗan tauri a ƙasa, taku biyu daga ƙofar, inda rana ba ta duka kai tsaye. In tana duka, rataya farin yadi mara kauri ya tace ta. Kashe ƙwan lantarki, domin haskensa da na rana launinsu daban, in suka gauraya a fatar yaro gyaransu azaba ne. Jan labulen amarya ko koren fentin bango su ma suna rina fata, a yaye labulen, a rufe bangon da ke kusa da farin zane. A ɗaya gefen yaron jingina farin kwali ya mayar da ɗan haske.

Haske ya gangaro daga saman kai zuwa haɓa, a ɗan karkace, ka ga 'yar inuwa a ƙarƙashin hanci. In ya taso daga ƙafa zuwa sama, ramukan hanci ne za su haskaka, fuskar ta koma kamar ta wanda ya haska kansa da tocila.

Jariri na son ɗumi, kamar digiri 26 zuwa 28. Da hunturu, a Disamba da Janairu, a rufe shi har sai an zo ɗauka, kuma ka murza hannuwanka su yi ɗumi. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, da zafin garin nan ke haura 40, abin tsoron shi ne ya yi zafi da yawa: kada a naɗe shi da ƙyalle uku, fanka ta riƙa juyawa amma ba a kansa ba. Taɓa ƙeyarsa lokaci-lokaci, in ka ji gumi a sassauta. Kaskon turaren wuta a fitar da shi tun kafin ka zo, hayaƙin na dusashe hoto, huhun yaron ma ba ya so. In janareta za a tayar, a kai shi nesa da taga.

## Kwantar da yaro

A shayar da shi ya ƙoshi, a sa shi ya yi gyatsa, a jira barci ya yi nauyi. Alamarsa, ka ɗaga hannunsa ka saki ya faɗi laƙwas. Ka ware awa biyu, mafi yawansu jira ne. Sa leda a ƙarƙashin shimfiɗa, a bar masa famfas, a naɗe shi da ƙyalle mai laushi. Ba na ɗaukar jariri tsirara, kuma ban taɓa rasa ciniki saboda haka ba.

Kwanciya biyu sun ishe ka: rigingine, da kuma gefe da hannu a ƙarƙashin kumatu. In labulen ƙwarya ne, naɗe tawul ka yi gammo da shi a ƙarƙashin shimfiɗar, ka kwantar da yaron a tsakiya, kai ya ɗan fi jiki tudu. Siffar ƙwarya ke nan ba tare da ƙwarya ba. Ka lura haɓa kada ta manne da ƙirji, hakan na matse hanyar numfashi, yatsa biyu su iya shiga tsakani. Tafin hannu ko ƙafa in ya fara yin shuɗi-shuɗi, an danne jini, a sauya kwanciya nan take. Cibiya in ba ta faɗi ba kada naɗi ya goge ta. Hannun mai tsaro, wato kaka ko gwaggon nan, yana kan yaron ko tazarar ɗani daga gare shi koyaushe. Kada ka ce ta janye don hoto ya yi kyau, goge hannu aikin minti biyu ne.

Abu biyu kuma da ba na yin shiru a kansu. Na farko kwalli. Kaka za ta so a ranbaɗa wa yaro don ido ya fito. Kwallin dutse na iya ƙunsar dalma: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoto a 2012 kan wani jariri a Boston da aka riƙa sa wa kwallin da aka kai daga Najeriya, da aka auna kwallin kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara mun san abin da dalma ta yi a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can daga sarrafa zinare ta fito. Ba na jayayya da tsohuwa. Cewa nake, "Inna, ki bar mini wannan, zan sa mashi kwallin a cikin hoto." Na biyu ciwon shawara. In ka ga farin ido ko fata ta yi rawaya, ka gaya musu su kai shi asibiti a ranar. Kada ka koma shago ka gyara launin a kwamfuta ka yi gum.

Saitin kyamara: RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba), ƙofar lensi f/4, gudun shata 1/200, ISO 400 zuwa 800. Mutane na son f/1.8 don baya ya narke, amma a aikin haɗi gefen jikin da ya narke ba ya yankuwa da kyau. Lensi 50mm ya yi, in daga sama ne a ƙaramin ɗaki 35mm ya fi. Saita idon kyamara a gashin idon da ya fi kusa da kai. In za ka tsaya kan yaro, igiyar kyamara a wuyanka, babu tattaunawa. Bar fili a kewayensa, kada ka yanke ƙafa ko gefen shimfiɗa. Kafin a ɗaga shi, ɗora wayarka kusa da allon kyamara ka kwatanta da labulen: gefen haske ɗaya? tsayi ɗaya? In a'a, yanzu ne lokacin gyara.

## A gaban kwamfuta

Da Photoshop zan yi misali. Wanda ba shi da shi, Photopea kyauta ne a burauza kuma maɓallansa kusan iri ɗaya ne, GIMP ma kyauta ne. A waya PicsArt na iya fitar da abin sa wa a sitatus, amma ban da babban firem.

1. Fara gyara hasken hoton yaron da launinsa shi kaɗai, kana kallon labulen a gefe.

2. Buɗe labulen, jawo hoton yaron ka ɗora a kai. Zai zauna a matsayin leya, wato kamar gilashi a kan gilashi. Rage ƙarfin leyar zuwa kashi 50 don ka riƙa hango ƙwaryar ta ƙasa.

3. Danna Ctrl da T, ka ja daga kusurwa har girman ya yi daidai. A nan hoton 'yar tsanar nan ke amfani. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, in ya cika ƙwaryar shi kaɗai kowa zai ji wani abu bai yi ba ko da bai iya faɗa ba. In ka tarar haske ya saɓa, labulen za ka juya hagu zuwa dama. Fuskar yaro in aka juya ta, uwarsa za ta gane.

4. Mayar da ƙarfin leya 100, ka sa mata maski, wato mayafin da ke ɓoye sashen leya ba tare da ya goge shi ba. Kada ka taɓa magogi, abin da ya goge ya tafi. A maski baƙin buroshi na ɓoyewa, fari na dawo da abin da aka ɓoye, harafin X na sauya maka su.

A nan ne dalilin shimfiɗa mai launi ɗaya ke fitowa. Ba sai ka bi gefen fata kana yanka kamar tela ba. Ka bar ɗan zanen da yaron ke kai, da lotsawarsa da inuwarsa ta gaske, ka narkar da gefensa cikin zanen labulen da buroshi mai laushi. Sumar kai, wadda ita ce mafi wuyar yanka, ba ka ma taɓa ta ba. In launukan sun bambanta dole ka yanka: Select Subject zai yi maka na farko, sannan ka zuƙo hoton ka bi yatsu da kunne da suma da hannunka. Ka tuna bakin ƙwarya na gaba shi ke rufe yaro, don haka ɓoye ɗan abin da ya kamata ya nutse a ciki. Hannun mai tsaro kuma a nan yake ɓacewa.

5. Inuwa. Aikina na farko na kai wa masu shi ina ji da kaina. Kakar yaron ta riƙe hoton nesa da idonta, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗana, wanga jinjiri ba a aza shi ba, shawagi shikai." Ba ta san kwamfuta ba, amma ta yi goyo ta san nauyin yaro na lotsa zane. Tun daga ranar inuwa biyu nake yi. Buɗe sabuwar leya a ƙarƙashin ta yaron, ka sa ta a Multiply. Launin kada ya zama baƙi ƙirin, tsinko shi daga wuri mafi duhu a jikin labulen. Da ƙaramin buroshi mai ƙarfin kashi 10 zuwa 15, bi daidai inda jiki ya taɓa zane, siririya mai duhu: ƙarƙashin kumatu, gwiwar hannu, ƙafa. Sannan da babban buroshi yi ta biyu mai faɗi mara ƙarfi, a gefen da ke nesa da haske. A hankali ake tara ta, shafa bayan shafa. In ta yi yawa rage ƙarfin leyar.

6. Launi. Ɗora Curves a kan leyar yaron, ka danna Ctrl da Alt da G don gyaran ya tsaya a kansa kaɗai. In labulen na da ɗumin hantsi, ƙara wa yaron ɗan ja da rawaya. Dabarar da ke taimakona: mayar da hoton duka fari da baƙi na ɗan lokaci. Launi na ruɗin ido, da ya kau za ka ga ko yaron ya fi wurin haske ko duhu.

7. Daidaita kaifi. In bayan ƙwaryar a narke yake, ƙafar da ta miƙa can ita ma a ɗan narkar da ita da Gaussian Blur. Daga ƙarshe haɗa komai a sabuwar leya ka sa Add Noise kashi 1 ko 2, ɓurɓushin nan iri ɗaya shi ke sa hotuna biyu su zama kamar daga kyamara ɗaya suka fito.

Sai ka tashi ka sha ruwa, ka dawo ka kalle shi ƙarami kamar a waya. Aibin da ya ɓuya a babba a nan yake fitowa.

Game da fata, ƙa'idata ita ce abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu shi nake gogewa: ƙuraje, saɓa, yaƙushin farce. Tawadar Allah tana nan inda take sai in iyaye sun ce a cire. Ba na kuma ƙara wa yaro fari. Jariranmu da ɗan haske ake haifarsu, launinsu na zaunawa daga baya, a bar shi yadda yake a ranar.

## In babba ne a gaban kyamara

Tambayoyin nan uku ba su sauya ba, sai dai labule na zahiri da za a tsaya gabansa. Toka-toka ya fi kore. Koren yadi na masu bidiyo ne, yana feso launinsa a gefen fuska da farar shadda, ka kwana kana cirewa. Farin bango kuma yana haɗiye farar babbar riga da rawani. Mutum ya tsaya kamar mita 2 daga bango don inuwarsa kada ta hau.

Mayafi shara-shara shi ne ciwon kai, domin bangon shagonka na leƙowa ta cikinsa. Ko dai ka zaɓi labule mai duhu ko haske irin na bangon, ko ka roƙi Hajiya ta yafa mai kauri. In labulen fili ne, kamar faɗuwar rana a bakin kogi a Yawuri ko gonakin shinkafa na fadama, dubi layin da sama ta haɗu da ƙasa. A tsayin kyamara yake wucewa. In a daidai idon mutum ka ɗauka, layin ya ratsa ta wajen idonsa, in ya sauko gwiwa ya zama basamude. Farar filasha kuma ba ta tafiya da jan yamma sai an ɗumama launin. Sabon hannu ya tsaya a hoton ƙugu zuwa sama, ƙafa da ƙasa su ke tona asiri.

Hoton fasfo da na katin shaida ba a yi musu wannan. Saurayin da ya ce in jingina shi da motar da ba tasa ba don ya tura gidan su yarinya, shi ma na ba shi haƙuri.

## Wanki da miƙawa

Fitar da JPEG mafi inganci a tsarin launi na sRGB. In ta WhatsApp za ka tura wa mai wanki, tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba manhajar za ta matse shi. Fara wanke ƙarami mai inci 5 da 7 ka gani, domin takarda ta kan fi allo duhu, kuma inuwar da ta yi daidai a kwamfuta na iya yin nauyi.

Kada ka sa hoton ɗan mutane a shafinka don talla sai ka tambaya. Gidaje da yawa ba sa so saboda baki, wasu sai bayan arba'in, kuma hakkinsu ne. In sun yarda, ban da cikakken suna da unguwa. Ka kuma gaya musu a fili cewa haɗi ne, ka nuna musu hoton asali da hannun kaka a ciki, don kada wata maƙwabciya ta gani ta je ta nemo igiya.

Fayil ɗin PSD mai leyoyi a buɗe ka adana shi wuri biyu, aƙalla har a yi arba'in. Alhajin Badariya lilonsa ya samu, an raɗa wa yarinya sunan mahaifiyarsa, na rubuta shi da ruwan zinare a ƙasan hoton. Kwana biyu sai ga waya: matarsa ta ce ba za ta rataye sunan surukarta a bangon ɗaki tana wucewa ta gabansa ba, a cire a sa Ummi.